Awon launin tsakiyar ido: me lambar da na'ura ta fitar take faɗa game da makantar tsufa?

Duk mai leƙa Facebook ko zaurukan WhatsApp ya taɓa cin karo da tallar ƙwayoyin da ake cewa suna ciyar da ido suna kare shi daga makantar tsufa, kuma sunan da ya fi yawa a jikin kwalaben shi ne lutin. A Turai da Amurka lamarin ya wuce talla, domin akwai shagunan tabarau da ke ajiye wata 'yar na'ura wadda mutum zai leƙa cikinta na 'yan mintuna, ta fitar masa da lamba kamar 0.24 ko 0.51, a ce masa wannan ce kaurin launin da ke kare tsakiyar idonsa. Idan lambar ta yi ƙasa, sai a miƙo masa kwalba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: shin wannan lamba tana iya gaya wa mutum cewa yana ɗauke da ciwon lalacewar makula, wato tsakiyar tantanin da ke karɓar haske a cikin ido, ko kuwa zai kamu da shi nan gaba? Launin gaskiya ne, awonsa ma ilimi ne mai tushe, amma tsakanin abin da awon ya tabbatar da abin da masu sayarwa ke ɗora masa akwai tazara mai faɗi.

Mene ne launin, kuma a ina yake?

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani siririn tantani mai karɓar haske da likitoci ke kira retina. A tsakiyarsa akwai ɗan fili da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, sunansa makula, kuma da shi ne mutum ke karanta rubutu, ya gane fuska daga nesa, ya zura zare a allura. Sauran tantanin aikinsa gani na gefe da lura da motsi. Cikakken sunan wannan fili a harshen Latin yana nufin ɗigo mai ruwan ɗorawa, saboda masu binciken gawa na ƙarshen ƙarni na 18 sun ga launin da idonsu, ko da yake an daɗe ana gardama kan ko launin yana nan a idon mai rai ko kuwa mutuwa ce ke kawo shi. A 1945 George Wald, masanin da daga baya ya samu kyautar Nobel kan ilimin gani, ya nuna cewa launin yana cikin dangin sinadaran da ke ba ganyaye da 'ya'yan itatuwa launinsu, waɗanda ake kira karotinoyid. A 1985 Richard Bone da John Landrum a Florida suka tantance cewa sinadarai biyu ne, lutin da ziyazantin, sannan a 1993 suka gano na uku, meso-ziyazantin.

Abin mamaki a nan shi ne zaɓen da ido ke yi. Akwai nau'in karotinoyid fiye da 600 a cikin halittu, wasu gomiya daga cikinsu ne ke shiga abincin ɗan Adam, amma uku kacal makula ke ɗauka ta tara, kuma tana tara su da yawan da babu kamarsa a duk jiki. Jiki ba ya ƙera lutin da ziyazantin, sai dai ya samo su daga abinci. Shi kuwa na ukun yawanci a cikin idon ake juya lutin ya koma shi. Launin ya fi kauri a tsakiyar makula, yana raguwa da sauri idan aka matsa gefe, har ya kusan ɓacewa a tazarar milimita biyu zuwa uku daga tsakiya. A riƙe wannan batu, domin kusan dukan hanyoyin awo a kansa suka dogara.

Ayyuka biyu ake danganta wa launin. Na farko tace haske: yana zaune ne a gaban ƙwayoyin da ke karɓar haske, yana shanye shuɗin haske kafin ya isa gare su. Na biyu kuma kashe gubar da ke tasowa idan haske da iskar oksijin suka haɗu a nama mai yawan kitse, wadda ke cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Makula na cikin sassan jiki da suka fi shan oksijin, kuma haske na sauka a kanta tun daga haihuwa har tsufa, don haka tunanin cewa launin garkuwa ne gare ta tunani ne mai ma'ana.

Ciwon da ake tsoro

Lalacewar makula ta tsufa ciwo ne da ke kama waɗanda suka haura shekara hamsin, yana cinye tsakiyar gani ya bar gefe. Mai shi yana iya zagaya gidansa ba tare da ɗan jagora ba, amma fuskar jikansa da ke zaune a gabansa ta zama tabo. Yana farawa da wasu ƙananan tarkace masu ruwan ɗorawa da ke taruwa a ƙarƙashin tantanin, waɗanda ake kira durusen. Daga nan yana iya bin hanya busasshiya, inda ƙwayoyin halittar makula ke mutuwa a hankali cikin shekaru, ko kuma hanya jiƙaƙƙiya, inda sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa suna tsiyayar ruwa da jini, gani ya lalace cikin makonni. Wani babban nazari da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa masu ciwon a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040, kuma ya nuna cewa ya fi yawa a cikin 'yan asalin Turai fiye da 'yan Afirka da Asiya. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne yawan shekaru, gado, da shan taba sigari, wanda shi ne mafi girma cikin waɗanda mutum ke da ikon kauce wa.

Ma'anar lambar

Lambar da na'ura ke bayarwa, wadda a takardun likitoci ake taƙaita sunanta da MPOD, tana nuna yawan shuɗin hasken da launin ya tare. Lissafinta ba ya tafiya kai tsaye. Sifili yana nufin babu abin da aka tare, 0.3 yana nufin an tare kusan rabi, 0.5 kusan kashi biyu cikin uku, 1.0 kuwa kashi 90 cikin 100. Yawancin mutane masu lafiyar ido suna faɗawa tsakanin 0.2 da 0.6, amma akwai lafiyayyu da lambarsu ta kusa sifili, akwai kuma waɗanda tasu ta haura ɗaya. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila ya nuna cewa gado na da babban kaso a wannan bambanci, sannan abinci, ƙiba da shan taba su ɗauki nasu. Babu wata lamba da hukumomin likitocin ido suka amince a matsayin iyaka, wadda za a ce wanda ya gaza kai ta yana cikin haɗari, kamar yadda ake da iyakoki a awon hawan jini ko na sukari.

Yadda ake awon, da inda kowace hanya ke tuntuɓe

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ciro tantanin a narkar da shi a auna sinadaran a ɗakin gwaji, wanda ba ya yiwuwa sai a idon mamacin da ya bayar da shi don bincike. A idon mai rai dole a bi ta bayan gida.

Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda ƙananan na'urorin shaguna ke bi, ita ce ta ƙyaftawar haske. Ana nuna wa mutum ɗigon haske da ke sauyawa da sauri tsakanin shuɗi da kore. Launin makula yana shanye shuɗin, ba ya taɓa koren. Muddin ƙarfin biyun bai zo ɗaya a idon mai kallo ba, zai ga ɗigon yana ƙyaftawa, don haka ana ta daidaita su har ya ce ƙyaftawar ta tsaya, ko kuma, a wasu na'urorin, ya danna maɓalli daidai lokacin da ta fara. Ana yin wannan sau biyu: sau ɗaya yana kallon ɗigon kai tsaye, sau ɗaya kuma yana kallon gefe domin hasken ya sauka a wajen makula, inda ake ɗauka babu launin. Bambancin shuɗin da aka buƙata a wuraren biyu shi ne lambar. Dabarar tana da kyau ƙwarai, ba ta buƙatar ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, kuma tunda awon biyu duk ta madubin ido ɗaya suka bi, wato madubin da ke cikin ƙwayar ido wanda yanar ido ke dusashewa, dusashewar madubin ba ta cika ɓata sakamakon ba. Rauninta shi ne ta dogara kacokan ga wanda ake aunawa. Sai ya fahimci umarnin, ya iya tsayar da idonsa wuri ɗaya, ya kuma iya kallon gefe yana lura da abin da ba ya kallo. Dattijon da tsakiyar ganinsa ta fara lalacewa, wato mutumin da aka fi son a auna, shi ne wanda gwajin ya fi yi wa wuya. Ko a wurin masu lafiya, maimaita awon bayan kwana biyu kan ba da lambar da ta sha bamban da ta farko da gwargwadon da zai iya haɗiye duk ƙarin da ake sa ran ƙwayoyi za su kawo cikin watanni.

Sauran hanyoyin ba sa tambayar mai ido komai, hoto suke ɗauka. Ɗaya tana haska cikin ido ta auna hasken da ya dawo, ta kwatanta tsakiya da gefe. Wata kuma, wadda François Delori ya inganta a Boston, ta dogara ga wani tarkace mai suna lifofusin da ke taruwa a bayan tantanin, wanda ke mayar da ƙyalli idan haske ya same shi. Ana haska shi da shuɗi sannan da kore. Inda launin makula ya yi kauri, shuɗin ba ya isa sosai, sai wurin ya fito da duhu a hoton. Wannan hanya ce masu bincike suka fi yarda da ita a yau, domin tana zana taswirar launin gaba ɗaya maimakon ɗigo guda, kuma da ita aka ga cewa a wasu mutane launin tsini ɗaya ne a tsakiya, a wasu kuma zobe ne ke kewaye da tsinin. Sai dai na'urar tana da tsada, ana buƙatar buɗe ƙwayar ido da magani, kuma yanar ido tana rage lambar, saboda madubin da ya tsufa shi ma yana shan shuɗin haske. Akwai wata hanya kuma da Paul Bernstein da Werner Gellermann suka ƙirƙiro a jami'ar Utah, wadda ke amfani da hasken leza don gano alamar sinadaran kai tsaye. Ita ma yanar ido da ƙanƙantar ƙwayar ido suna damun ta, kuma ba ta fita daga ɗakunan bincike sosai ba.

Sakamakon wannan duka shi ne lambar na'ura ɗaya ba ta zama lambar wata. Mutum ɗaya, ido ɗaya, rana ɗaya, yana iya samun lambobi uku daga na'urori uku, kuma kowace ta yi daidai bisa ma'auninta.

Inda masu bincike suka rabu

Masu ganin cewa ƙarancin launin yana share wa ciwon hanya suna da hujjoji masu nauyi. A 1994 Johanna Seddon da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna cewa waɗanda suka fi cin abinci mai karotinoyid, musamman alayyafo da danginsa, haɗarin ciwon mai tsanani ya ragu gare su da kashi 43 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci. A 2001 awon idanun mamata ya nuna cewa na masu ciwon sun fi ƙarancin lutin da ziyazantin. Sannan abubuwan da aka san suna jawo ciwon, irin su taba da ƙiba, su ne kuma ke tafiya tare da ƙarancin launin.

Masu taka tsantsan suna amsawa da tambayar da ba a warware ba: wanne ya riga wanne? Tantanin da ya fara lalacewa yana iya rasa ikon riƙe launin, ta yadda ƙarancin zai zama sakamakon ciwon maimakon sanadinsa. Mai cin ganye da yawa kuma sau da yawa shi ne wanda ba ya shan taba, yake motsa jiki, yake zuwa asibiti da wuri, kuma raba waɗannan da juna a lissafi abu ne mai wuya. Bugu da ƙari, bincike da dama sun auna masu ciwon da marasa shi ba su ga bambanci ba, wasu na baya-bayan nan ma sun samu lambar masu ciwon ta fi yawa, wataƙila saboda da yawansu sun riga sun fara shan ƙwayoyi tun da likita ya gaya musu halin da suke ciki. A ganina wannan ɓangare ya fi gaskiya game da abin da ya shafi mutum ɗaya da ke zaune gaban na'ura. Dangantakar da ke bayyana idan aka tara dubban mutane ba ta isa a yanke wa Malam wane hukunci da ita ba, tunda lambobin masu ciwon da na lafiyayyu sun cuɗanya da juna ƙwarai.

Abin da manyan gwaje-gwajen Amurka suka nuna

Hujjar da ta fi ƙarfi game da ƙwayoyin ta fito ne daga gwaje-gwaje biyu na Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka. Na farko, AREDS, ya fitar da sakamako a 2001: haɗin bitamin C da E da bita-karotin (wani nau'in karotinoyid) da zinki da tagulla ya rage yiwuwar ciwon ya kai matakin ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100 cikin shekara biyar, amma ga waɗanda ciwonsu ya kai matsakaicin mataki ko ya riga ya yi tsanani a ido ɗaya. Bai nuna amfani ga masu ɗan farkon ciwon ba, kuma ba a tabbatar yana hana lafiyayye kamuwa ba. Na biyu, AREDS2, ya ɗauki mutum 4,203 masu shekara 50 zuwa 85, ya ƙara miligiram 10 na lutin da miligiram 2 na ziyazantin a kullum. Da aka fitar da sakamakon a 2013, babban lissafin bai nuna cewa ƙarin ya sake rage haɗarin ba. Da aka duba rukuni rukuni ne aka ga amfani ga waɗanda abincinsu ya fi ƙarancin waɗannan sinadarai, aka kuma ga cewa lutin da ziyazantin sun fi bita-karotin dacewa, domin shi yana ƙara haɗarin sankarar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha. Bibiyar shekara goma da aka wallafa a 2022 ta ƙarfafa wannan musanya.

Abin lura shi ne, ba da lambar launi aka zaɓi waɗanda suka shiga gwaje-gwajen nan ba. An zaɓe su ne da abin da likita ya gani a bayan idonsu, wato girman durusen da yanayin tantanin. Saboda haka shawarar shan haɗin tana rataye ne a kan matakin ciwon. Gaskiya ne cewa shan lutin na wasu watanni yana ɗaga lambar a yawancin mutane, ko da yake akwai waɗanda tasu ba ta motsawa, kuma wasu gwaje-gwaje, ciki har da na Waterford a ƙasar Ireland, sun ga ɗan ci gaba wajen bambance inuwa da haske. Amma ɗaga lamba abu ɗaya ne, hana makanta wani abu ne daban, kuma na biyun ne mai saye ke biyan kuɗi dominsa.

Akwai wurin da awon ya yi rana a asibiti. A wani ciwo da ba a cika samu ba, wanda ake taƙaita sunansa da MacTel, launin yana ɓacewa daga tsakiya ya bar zobe a kewaye, kuma wannan siffa tana taimaka wa likita ya gane ciwon tun da wuri. Zabiya ma launin makularsu ƙanƙani ne ƙwarai. A irin waɗannan wurare taswirar ce ke magana, fiye da lamba guda.

Abin da ya shafi mai karatu a ƙasar Hausa

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara arba'in zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido ya biyo da kusan kashi 17. Lalacewar makula ta tsufa tana can ƙasa a jerin. Ma'anar wannan ita ce idan ganin dattijo ya dusashe a Kano ko Maraɗi, abin da ya fi yiwuwa shi ne yanar ido, wadda aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa, ko hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye kuma abin da ya ci ba ya dawowa, ko kuma illar ciwon sukari a tantanin. Babu ɗaya cikin ukun da lutin ke warkarwa. Abin da ke damuna da tallace-tallacen nan shi ne watannin da suke cinyewa: 'ya'ya su haɗa kuɗi su saya wa mahaifinsu kwalba bayan kwalba da kyakkyawar niyya, alhali jijiyar idonsa na mutuwa saboda ciwon da ɗigon magani zai iya tsayarwa.

Ciwon makula dai yana nan a cikinmu, kuma zai ƙaru yayin da mutane ke ƙara tsawon rai. Hanyar gane shi ita ce likitan ido ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya duba bayansa, idan da hali a ɗauki hoton OCT da ke nuna tantanin hawa hawa, kuma irin wannan duba ana yin sa a wurare kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan ido na asibitocin koyarwa. A gida, wanda ya haura hamsin yana iya rufe ido ɗaya ya kalli layin da ya san miƙaƙƙe ne, kamar gefen ƙofa ko layukan takarda, sannan ya sauya ido. Idan layin ya lanƙwashe ko tsakiyarsa ta ɓace, wannan na iya zama nau'in jiƙaƙƙe, wanda allurar da ake yi a cikin ido ke iya tsayarwa idan an je cikin kwanaki, ba bayan watanni ba.

Game da launin kansa, kasuwar unguwa ta riga kantin magani. Lutin yana da yawa a ganyaye masu duhun kore irin su alayyafo da zogale, sunan ziyazantin ma daga sunan masara na kimiyya aka ciro shi saboda masara mai ruwan ɗorawa na ɗauke da shi, kuma na gwaiduwar ƙwai, duk da bai kai na ganye yawa ba, jiki ya fi saurin ɗaukarsa. Waɗannan sinadarai a cikin mai suke narkewa, hanji ba ya ɗaukarsu sosai sai da maiƙo, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, ko miyar alayyafo da manja, haɗi ne da ya dace da yadda jiki ke karɓarsu. Wanda likita ya duba ya ce ciwonsa ya kai matsakaicin mataki shi ne haɗin AREDS2 ya shafa, kuma idan yana shan taba ko ya taɓa sha, ya karanta jikin kwalbar ya tabbatar babu bita-karotin a ciki.